Leda Daga Iska Da Hasken Rana: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Duk wanda ya saba sayen takin bola daga gari ya san irin aikin da ke jiransa kafin ya watsa shi a gona. Sai ya tsaya ya tsince leda tukuna: baƙar ledar cefane, da ledar fiya wata, da ta burodi, da guntayen buhunan taki. Wadda ta kuɓuce masa kuwa, baɗi garma za ta tono ta kamar jiya aka binne ta. Masu kiwo su ma suna da nasu kukan. Tunkiya ko saniya takan haɗiye leda saboda ɗanɗanon gishiri ko man da ya rage a jikinta, ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ana ɓarnar kuɗin magani, sai ran da mahauci ya feɗe ta sa'an nan a ga dalili.

To, shekarun nan ana jin labari cewa masana kimiyya a ƙasashen waje sun sami hanyar yin leda da roba daga iska da hasken rana kawai, ta wurin waɗansu ƙananan halittu, kuma wai irin wannan leda tana ruɓewa cikin ƙasa kamar ganye. Labari irin wannan yakan iso ƙauye da ƙari ko ragi, har mai wayo ya ci kasuwarsa da shi. Saboda haka ya kamata 'yan ƙungiyoyinmu na gama kai su san inda gaskiyar ta tsaya: abin da aka riga aka yi, da abin da ya rage, da abin da ya wajaba a kanmu kafin lokacin ya zo.

Me ya sa ledar da muka sani ba ta ruɓewa?

Ledar kasuwa daga man fetur da iskar gas ake yin ta. A shekara ta 1933 aka fara gano irinta a wani kamfani mai suna ICI a Ingila, jakar cefane kuwa wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1965. Watau dai baƙuwa ce a duniya. Ruɓewa kuwa ba wani abu ba ne illa ci: ƙananan halittun ƙasa ne ke cinye kara da kashin shanu da ganye su mai da su taki. Leda ba abincinsu ba ce, ba su da abin da za su narka ta da shi. Rana da iska sukan sa ta tsufa ta dagargaje, amma dagargajewa dabam, ruɓewa dabam. Guntayen suna nan cikin ƙasa, ƙanƙancewa kaɗai suke yi.

Yawan abin ma ya isa a tsaya a yi tunani. A 1950 robar da duniya duka ta yi ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Yanzu ana yin fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Wani lissafi da masana a Amurka suka buga a 2017 ya nuna cewa daga cikin dukan robar da aka zubar har zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sāke sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna nan jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Shi ya sa ƙasashe suka shiga kafa doka. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi doka a kan wannan a 2014. Amma doka ba ta cika cin nasara ba muddin mutane ba su da abin da za su riƙa a madadin wanda aka hana su.

Tozon ƙananan halittu

Kafin mu ci gaba, bari mu gyara wata fahimta. Da yawa cikinmu in an ce ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai hankalinmu ya tafi kan cuta. Lalle akwai masu kawo cuta, amma mafi yawansu ma'aikatanmu ne. Su ke sa madara ta zama kindirmo, su ke sa kalwa ta zama daddawa, su ke dafa ramin taki. Masana suna kiran babban jinsinsu bakteriya.

Sa yakan tara kitse a tozo lokacin da ciyawa ta wadata, domin ya ci moriyarsa da rani. Haka waɗansu bakteriya suke yi. In sun sami abinci mai yawa, amma wani abin da suke bukata don hayayyafa ya yanke, misali sinadarin naitirojin irin wanda ke cikin takin yuriya, sai su daina haihuwa su shiga ajiya. Sukan tara waɗansu fararen ƙwayoyi cikin jikinsu. Wani masani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne, na Cibiyar Pasteur, shi ya fara bayyana wannan abu a 1926. Sunansa na kimiyya dogo ne, ana taƙaita shi da haruffa uku, PHB. In an fasa ƙwayoyin aka tsame shi aka busar, sai ya zama farin gari. In an zafafa garin ya kai wajen digiri 175, sai ya narke, a zuba shi cikin mazubi ko a ja shi ya zama falle, kamar dai robar fetur.

Ga inda bambancin yake: da yake wannan roba guzurin bakteriya ce tun asali, ƙasa cike take da halittun da suka iya cinta. In an binne ta wuri mai laima da ɗumi, sai su far mata su mai da ita ruwa da iska.

Kada a ɗauka wannan abu na ƙasashen Turai ne kaɗai. Ka tumɓuke wake ko waken suya lokacin da yake fure, ka dubi saiwarsa, za ka ga 'yan ƙullutai. Cikinsu ne bakteriyan da ke jawo naitirojin daga iska su ba shuka suke zaune, waɗanda saboda su muke cewa wake yana gyara gona. Su ma suna tara PHB cikin jikinsu. Ashe kuwa mun daɗe muna noma robar nan a gonakinmu ba mu sani ba.

Kamfanonin da suka gwada, da abin da ya same su

Wajen shekara hamsin bayan Lemoigne ba wanda ya damu da abin sosai, gama fetur yana da araha. Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo cikin shekarun 1970 aka waiwaye shi. Kamfanin nan ICI ya shiga kiwon bakteriya cikin manyan tankuna yana ba su sukari, ya fitar da roba mai suna Biopol. A 1990 aka sayar da kwalaben sabulun wanke gashi da aka yi da ita a Jamus. Amma tsada ta hana ta kasuwa. Sana'ar ta yi ta sauya hannu har ta kai ga kamfanin Monsanto, wanda ya dakatar da ita a 1998. Daga baya waɗansu kamfanoni biyu na Amurka, Metabolix da ADM, suka gina babbar masana'anta a jihar Iowa wadda aka shirya za ta iya yin tan 50,000 a shekara daga sukarin masara. Ta fara aiki a 2010, a 2012 aka raba gari. Wani kamfanin kuma, Danimer, mai amfani da man wani tsiro da ake kira kanola, ya shiga kotun masu karyewar jari a 2025. Akwai dai waɗanda suka dage, kamar Kaneka na Japan, wanda ke yin tasa daga man itatuwa da tsirrai. Duk da haka, in an tara dukan robar da ake yi daga tsirrai da ƙananan halittu, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na robar duniya ba.

Me ya kawo tsadar? Babban dalili shi ne abincin da ake ba bakteriyan. Ana bukatar wajen kilo 3 na sukari kafin a sami kilo 1 na PHB. Nan ne maganar ta shafi manomi kai tsaye. Mu ɗan yi lissafi: in za a maye gurbin tan miliyan 400 na robar fetur ta wannan hanya, sai an nemi sukari tan miliyan 1,200. Sukarin da duniya duka ke yi a shekara kuwa wajen tan miliyan 180 ne. Sauran daga ina zai fito? Daga masara da rogo da dawa, watau daga rumbunan mutane. Mai noman sayarwa zai iya murna in an buɗe masa sabuwar kasuwa, amma ranar da masana'antar leda ta fara takara da uwar gida a wurin awon hatsi, an san wanda zai kwana da yunwa. Ba a gyara gona ta wurin rushe rumbu.

Wannan ne ya sa masana suka koma neman halittun da ba sai an ba su sukari ba, waɗanda za su yi nasu abincin da kansu kamar yadda shuka ke yi.

Yadda iska ke zama roba

Kowane ganye kore yana shaƙar wata iska da ake kira iskar kabon. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tashi in an ƙona itace ko fetur. Ba ta da yawa cikin iskar da ke kewaye da mu, wajen kashi 4 ne cikin 10,000, amma da ita da ruwa da hasken rana shuka ke gina kara da zangarniya. Akwai ƙananan halittu masu wannan baiwa, kuma hanyoyi uku ake bi da su.

Hanya ta fari ita ce ta gansakuka. Cikin koren nan da ke rufe kududdufi akwai wani jinsin bakteriya masu launin kore da shuɗi, masu rayuwa da hasken rana. Mutanen yankin Tafkin Chadi sun daɗe da sanin ɗaya daga cikinsu. Matan Kanembu sukan kwashe shi daga tafkunan kanwa, su zuba a kan yashi ruwan ya tsane, su busar su yayyanka, su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da shi. Shi ne Turawa ke kira sifirulina. Tun 1966 aka gano cewa waɗansu daga cikin dangin nan suna tara PHB, sai dai kaɗan ne ƙwarai. A 2020 masana na Jami'ar Tubingen a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Karl Forchhammer, suka ba da labarin wani ci gaba. Sun gano wani abu cikin jikin ƙwayar wanda yake kamar makulli, yana hana abincin da ta tara ya gangara wajen yin roba. Da suka cire shi, suka kuma ƙarfafa sashen da ke haɗa robar, sai PHB ya kai kashi 63 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙwayar, da haske da iskar kabon kaɗai. Da suka ƙara mata ɗan sinadarin tsami irin na binega, ya kai kashi 81.

Hanya ta biyu ita ce ta waɗansu bakteriya masu launin ja-ja da ke zama cikin laka. Su ma da haske suke aiki, amma sukan nemi ɗan taimako daga ƙarfen da ya narke cikin ruwa, ko daga 'yar wutar lantarki. Wata masaniya, Arpita Bose, da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka, sun nuna a 2019 cewa irin waɗannan suna yin PHB ta wannan hali, suka kuma ci gaba da neman hanyar ƙara yawan abin da suke samarwa.

Hanya ta uku ta haɗa farantin sola da bakteriya. Farantin yana ba da wuta, wutar tana raba ruwa gida biyu, watau iskar haidurojin da iskar oksijin. Sai a saki wani bakteriya da ke samun ƙarfinsa daga haidurojin, yana jawo iskar kabon yana gina jikinsa da robarsa. Shi ne dai irin wanda ICI ya yi kiwo da sukari a dā. Daniel Nocera da Pamela Silver na Jami'ar Harvard sun nuna a 2016 cewa ta wannan hanya ana iya kama wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin rana, alhali amfanin gona yakan kama wajen kashi 1 ne.

Albarkar waɗannan hanyoyi a fili take. Ba su cin hatsi, ba su kuma bukatar ƙasa mai kyau, gama ana iya kafa tankunansu a kan fako ko tsandauri inda ko ƙaya ba ta fita. Kowane kilo na PHB yana ɗauke da kabon da ke cikin wajen kilo 2 na iskar kabon. In ledar ta ruɓe iskar za ta koma inda ta fito, amma dai ba a tono sabon mai daga ƙarƙashin ƙasa an ƙara wa sama nauyi ba.

Abin da ya hana ta fitowa kasuwa

Sai dai fa a lura: duk nasarorin nan uku cikin ɗakunan gwaji aka same su, cikin kwalabe da ƙananan tankuna. Tsakanin kwalba da masana'anta akwai tafiya mai nisa.

Matsala ta fari ita ce haske. In gansakuka ta yi kauri, ta sama takan yi wa ta ƙasa inuwa, kamar gero da aka shuka ba a tsuge ba. Saboda haka dole ruwan ya zama tsararo. A buɗaɗɗen tafki, abin da ake samu cikin lita guda bai cika wuce giram 1 ba, alhali tankin da ake ciyarwa da sukari yakan ba da fiye da giram 100. Ke nan sai an tace ruwa mai ɗimbin yawa kafin a sami abin kirki, tacewa da busarwa kuwa kuɗi ne.

Ta biyu ita ce ruwa. Inda rana ta fi ƙarfi, nan ruwa ya fi saurin ƙafewa. Ta uku, buɗaɗɗen tafki gona ce marar shinge: waɗansu halittu sukan faɗa ciki su cinye waɗanda ake kiwo. In an rufe da gilashi kuma, kuɗin gini ya hau. Ta huɗu, haidurojin in ya gauraya da oksijin yana iya fashewa, sai da ƙwararru da kayan tsaro. Ta biyar, PHB zalla yana da gautsi, yakan tsage, shi ya sa kamfanoni ke yin 'yan'uwansa masu taushi ko su gauraya shi da wani abu. Sakamakon duka shi ne, ko wadda ake yi da sukari ma ta ninka robar fetur tsada, balle wadda ba ta bar ɗakin gwaji ba.

Saboda haka duk wanda ya zo wa ƙungiyarku da maganar ku zuba jari, wai zai kafa muku injin yin leda daga iska, ku riƙe kuɗinku.

Ba kowace roba ake so ta ruɓe ba

Wani abin lura kuma, manomi yana da robar da yake so ta daɗe. Buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, amfaninsa shi ne ya hana iska shiga domin ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba. Haka tiyon ban ruwa, da jarka, da bokiti. Waɗannan kula suke bukata, da gyara, da mayarwa wurin masu narkawa in sun mutu. Inda leda mai ruɓewa za ta yi mana rana shi ne wurin abubuwan da ke ƙarewa cikin ƙasa ko bola: ledar renon itatuwa, wadda za a iya dasa ta tare da tsiron ba a taɓa saiwa ba, da ledar shimfiɗa a kan kunya a lambu, da ledar cefane.

A kula da abin da aka rubuta a jiki

Tun yanzu akwai ledoji masu tambarin ganye da alkawarin ruɓewa, amma ba duka ne abu guda ba. Akwai wadda ake yi daga rake a Barazil tun 2010. Daga shuka ta fito, amma da ita da ledar fetur duk ɗaya ne, ba ta ruɓewa. Akwai PLA, wadda ake yi daga sitacin masara. Ba ta ruɓewa da sauri sai cikin babban tarin taki mai zafin da ya kusa digiri 60, a gona kuwa takan daɗe. Akwai kuma ledar fetur da aka zuba wa sinadari don ta yi saurin farfashewa a rana. Wannan ɓoye ƙazanta take yi kawai, har Tarayyar Turai ta hana sayar da ita daga 2021.

Ƙungiya tana iya gwada kowace da kanta ba da kashe ko kwabo ba. A yanka ledar da ake yaba gida uku, a yanka ledar kasuwa da tsumman auduga su ma haka. A binne su jere cikin ramin taki mai laima a farkon damina, a kafa tsinke wurin kowanne, magatakarda ya rubuta ranar. A tono kashi guda bayan wata ɗaya, na biyu bayan wata uku, na uku bayan wata shida. Wadda ke ruɓewa da gaske za ta yi huji-huji ta lalace kamar tsumman. Wadda ta fita lafiya, ko ta zama 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, ba ta ci jarrabawa ba. A tuna kuma, ko ta gaskiyar ma takan ɗauki makonni ko watanni, da rani kuwa ta fi haka, kuma akuya ba za ta jira ta ruɓe ba. Ba a ce a zubar da ita ko'ina ba.

Aikin da ke gabanmu

Kafin masana su gama nasu, ga namu. A tsince leda daga takin bola tun a bakin gona, kafin a watsa. A gandun renon itatuwa na ƙungiya, a ƙidaya ledar da ta fita, a ƙidaya wadda ta dawo, a sāke amfani da mai kyau. Kada a ƙona leda a murhu ko a hura wuta da ita, gama hayaƙinta yana cutar da ƙirji, mata da yara kuwa su suka fi shaƙarsa. A kewaye juji da ƙaya don dabbobi. Dabbar da ke ramewa cikinta kuwa a kumbure, a kai ta wurin malamin dabbobi da wuri. Mai zuwa kasuwa ya ɗauki kwando ko ƙwarya ko jakar saƙa, yadda iyayenmu suka yi; masu saƙa na ƙauyenmu ma za su sami ciniki.

In kuma wata rana aka zo da maganar kafa masana'antar roba mai ruɓewa a yankinku, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu: Da me za a ciyar da ita, da hatsinmu ko da dusa da ɓawo da iska? Daga ina za ta ɗebi ruwa? A wace irin ƙasa za a gina ta, gonar wani ko fako? Amsar waɗannan ita za ta nuna ko alheri ne ya zo ko kuwa sabon mai cin rabonmu. A tattauna wannan a taron ƙungiya na wata mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.